Rumbu a kulle, mabuɗi a hannun wa?

Wani faifan ajiya ne ya mutu mana cikin hunturu, daga nan maganar ta taso. Ɗaya ne daga cikin faya-fayan da ke cikin sabobinmu uku na ajiya, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, a ɗakin da muke haya a wata cibiyar na'urori nan Accra. Mutuwar faifai ba ta ɗaga mana hankali, domin da manhajar ajiya ta Ceph muke aiki, shi kuwa kowane guntun bayani sai ya yi masa kwafi uku a na'urori daban-daban. Na zare mataccen, na sa sabo, kafin magariba komai ya koma daidai. Na kawo shi ofishinmu na Nima, na ajiye a kan teburin Alhaji, maigidanmu.

Alhaji ya juya shi, ya duba takardar da ke manne a jikinsa, ya ce, "Malam, ai wannan garantinsa bai ƙare ba. Gobe ka mayar wa dillalin ya ba mu wani."

Na amsa da to, amma daren nan barci ya ƙi zuwa. Aikinmu ƙarami ne: muna ba da hayar kwamfutoci ta intanet, abin da ake kira girgije, ga waɗanda ba su da ƙarfin ajiye nasu sabobin. Cikin masu hulɗa da mu akwai wani ƙaramin asibiti, da ƙungiyar adashi ta matan kasuwa, wanda a nan ake ce wa susu, da makarantu biyu masu zaman kansu. Kusan dukkansu mutanen zango ne, sun zo wurinmu ne don sun san Alhaji, sun san sahun da yake tsayawa a masallaci. Abin da ke kan faya-fayanmu ke nan: sunaye, lambobin Ghana Card, sakamakon gwajin jini, wadda ta zo awon ciki, wadda ake bi bashi. Ceph yana yanka kowane rumbun ajiya, wato wurin ajiyar da muke ware wa mai haya, gunduwa-gunduwa, megabayit 4 kowace, ya warwatsa su. Wanda ya samu faifai ɗaya ba zai iya haɗa cikakken rumbu ba, wannan gaskiya ne. Sai dai megabayit 4 na rubutu zalla ya isa ya ɗauki sunayen dubban mutane.

Kuma a wurinmu ne kawai faifan ya mutu. Duk wanda ya taɓa zagawa Tip Toe Lane a Circle, layin masu sayarwa da gyaran wayoyi da kwamfutoci, ya san akwai hannayen da ke tayar da abin da mai shi ya fid da rai. Sau da yawa allon lantarkin ne ya ƙone, farantan ciki lafiyarsu lau. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi tsohon faifai a wata kasuwa a ƙasar nan, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a cikinsa. In na irin waɗancan ya iya fitowa kasuwa, namu fa?

Washegari, kafin in ce wa Alhaji komai, na ɗauko wani tsohon faifai da muka daina aiki da shi amma yana juyawa, na jona a kwamfutata, na ba shi umarnin strings, wanda aikinsa kawai tsinto duk rubutun da ke karantuwa. Ba a yi minti biyar ba sunaye suka fara gangarowa a allo. Ɗaya daga ciki na san mai shi. Layinmu ɗaya, kusan kullum muna gaisawa wurin mai koko. A gaban sunanta akwai sakamakon wani gwaji da ba na jin ko 'yan ɗakinsu sun sani. Na rufe kwamfutar.

Ban nuna wa Alhaji sunan ba, na dai gaya masa abin da na gani. Na soma kawo masa maganar dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bar zancen doka tukuna. Amana ce aka ba mu. Me za a yi?" Na ce a kulle kowane rumbu, yadda ko faifan ya fita, abin da ke ciki hayaniya ce kawai ga wanda ba shi da mabuɗi. Mataccen faifan kuwa ya shiga aljihun tebur, ba a mayar wa dillali ba.

Manhajar da muke tafiyar da girgijen da ita OpenStack ce, buɗaɗɗiyar manhaja da hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka faro a 2010. Kamar gidan gandu take, kowa da aikinsa. Nova ke tayar da kwamfutocin haya, Cinder ke yanka rumbunan ajiya ya liƙa musu, Keystone ke bakin ƙofa yana tantance wane ne kai da inda aka yarda ka shiga. Akwai kuma Barbican, ma'ajin mabuɗai, wanda tun da muka kafa girgijen ban taɓa kunna shi ba.

Hanya biyu na auna. Ta farko, a kulle faya-fayan Ceph ɗin kansu, kowane faifai a sake gina shi da kulle. Wannan yana maganin faifan da ya fita daga ɗaki, amma bayanan suna ratsa wayoyi a buɗe, kwafin ajiyar da muke ɗauka kowane dare ma a buɗe zai fita. Ta biyu, a kulle ta wajen Cinder, kowane rumbu da mabuɗinsa. Ita na zaɓa. A wannan tsarin, tun daga sabar da kwamfutar haya ke gudana a kai ake hargitsa bayanan kafin su kama hanya. Tun fitowar OpenStack mai suna Queens a 2018, QEMU, manhajar da ke juya kwamfutar hayar, da kansa ke buɗewa da kullewa, ba sai an buɗe rumbun a jikin sabar ba. Abin da Ceph ke gani, da abin da ke shiga kwafin ajiya, duk a kulle yake. Akwai wata gajeriyar hanya da Cinder ya gada tun da, wato ka rubuta mabuɗi ɗaya tal a fayil ɗin saiti, duk rumbuna su kullu da shi. Gidan haya ne mai ɗaki ashirin da kwaɗo iri ɗaya. Ko masu manhajar ba su yarda a yi aikin gaske da ita ba, ni ma ban tsaya a kanta ba.

Kunna Barbican bai ba ni wahala ba. Da Kolla Ansible, manhajar da ke girka OpenStack, muka kafa komai, saboda haka layi ɗaya na gyara a fayil ɗin saiti, na sake tura aikin, ya tashi. Abin da ya ci mini kwanaki shi ne fahimtar yadda mabuɗan ke hawa kan juna, don na rantse ba zan kulle kayan mutane da abin da ban gane ba.

Ga yadda na gane shi. Kullen kansa sunansa LUKS, tsarin da Clemens Fruhwirth ya fitar wa Linux a 2004. A goshin kowane rumbu akwai wani fili na kusan megabayit 2, a nan ainihin mabuɗin da ke hargitsa bayanan yake, shi ma a kulle. A tsarin LUKS na farko, wanda shi QEMU ke iya karantawa, goshin yana da gurabe 8, kowane gurbi ana iya buɗe shi da kalmar sirri daban. Abin da Barbican ke riƙewa ba ainihin mabuɗin ba ne, kalmar sirrin da ke buɗe gurbin ce. Ita kuma tana kwance a kundin bayanan Barbican a kulle da mabuɗin sashen mai rumbun, wato sashen da aka ware wa mai haya a girgijen, shi kuma mabuɗin sashen a kulle yake da wani guda ɗaya da ke saman kowa. Wannan na saman na raɗa masa suna uwar mabuɗai. Harufa 44 ne kacal, suna zaune a fayil ɗin saitin Barbican, kuma a tsarin Kolla asalinsu yana cikin fayil ɗin kalmomin sirri, passwords.yml, a layin barbican_crypto_key. Manyan kamfanoni na'ura ta musamman suke saya su ɓoye ta a ciki, wadda ba ta bari mabuɗi ya fito. Kuɗinta ya fi ƙarfinmu.

Wannan ya sa na zaunar da Alhaji na faɗa masa iyakar abin. Na ce, "Ranka ya daɗe, kullen nan yana tsare mu daga ɓarawon faifai, da dillali, da wanda ya tsinci kwafin ajiya. Ba ya tsare kowa daga ni. Duk wanda ke da cikakken iko a kan sabobin da ke juya girgijen, zai iya kaiwa ga uwar mabuɗai. Haka kuma in an kutsa cikin kwamfutar asibiti tana aiki, rumbun a buɗe yake a gabanta." Na fi son ya ji wannan daga bakina tun farko, kada ya je yana faɗa wa mutane abin da ba mu da shi.

Daga nan na ƙirƙiri sabon nau'in rumbu. Cinder ba ya yarda a ƙara kulle a nau'in da tuni akwai rumbuna a ƙarƙashinsa, dole sai sabo. Umarnin layi ɗaya ne: mai kullewa luks, salon hargitsawa aes-xts-plain64, tsawon mabuɗi 256, wurin kullewa kuma ta gaba, wato wajen Nova. Da asusun shugaba na gwada, rumbu ya fito lafiya. Na liƙa shi a kwamfutar gwaji, na rubuta sunana a wani fayil, na koma ta ɓangaren Ceph na nema, ban same shi ba. A farkon rumbun kalmar LUKS da ɗan bayanin salon kullen ne kawai ke karantuwa, sauran duk hayaniya. Ranar na ji daɗi ƙwarai.

Da na sake gwadawa da asusun ma'aikaci na gama-gari sai ya ƙi, da gajeren saƙo cewa matsala ce daga ma'ajin mabuɗai, babu wani ƙarin bayani. Na yini ina tonon rajistar aiki kafin na gano cewa Barbican, a dokokinsa na asali, ba ya barin kowa ya ƙirƙiri mabuɗi sai mai matsayin creator a Keystone. Cinder kuwa da izinin mai neman rumbun yake zuwa karɓo mabuɗin, ba da nasa ba. Na ƙirƙiri matsayin, na raba wa duk asusun da muke aiki da su, har da na ɗan bautar ƙasan da aka turo mana shekarar. Ban tsaya na tambayi kaina ko mai ikon ƙirƙira yana da ikon gogewa ba. Zan dawo kan wannan.

Saura kwashe tsofaffin rumbuna zuwa sababbi. OpenStack yana da hanyar sauya wa rumbu nau'i, ya yi sabon, ya kwafe komai, ya goge tsohon. Na gwada a rumbun gwaji na gigabayit 10, ya tafi har kusan ƙarshe sannan ya faɗi. Dalilin goshin nan ne. Kullallen rumbu na gigabayit 10 ba ya ɗaukar cikakken gigabayit 10, saboda megabayit 2 sun tafi wurin goshi, kamar buhun da aka ɗinke bakinsa ya rage mudu guda. Cinder kuma da cikakken gigabayit yake awo, babu rabi. Akwai wani abin da ya ƙara hana ni: in ka kwafe rumbu tubali bayan tubali ta cikin kulle, wurin da babu komai ma hayaniya yake komawa, Ceph ya ɗauke shi a matsayin kaya, ya ninka uku. Sai na bi doguwar hanya. Ga kowane tsohon rumbu, na yi kullalle da ya fi shi da gigabayit 1, na liƙa su biyun a kwamfuta ɗaya, na kwafe fayilolin daga ciki da rsync, umarnin kwafar fayiloli. Ta haka tsohon yana nan daram har sai mai shi ya duba ya ce komai ya cika.

Azumi ya kama muna tsakiyar wannan. Sai ya zamana tsakanin asham da sahur nake aiki, lokacin da asibiti ya rufe karɓar marasa lafiya na waje, matan adashi kuma sun gama shigar da kuɗin ranar. Kwafin farko nakan yi shi komai na gudana, don ya kwashe mafi yawa. Sannan in tsayar da kundin bayanai, in yi kwafi na biyu wanda ke ɗaukar abin da ya canza kawai, in gwada lissafin fayilolin ɓangarorin biyu, in sauya wurin ɗaurawa, in kunna. Da safe Hajiya, babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitin, takan buɗe katunan mutum biyar da ta zaɓa da kanta ta duba. Sai ta turo saƙo cewa lafiya, sannan in kwanta. Ban goge tsohon rumbu ko ɗaya ba sai bayan mako biyu.

Rumbunan da kwamfutocin ke tashi daga kansu ma sai da na sake su, domin rahoton aiki da ragowar abin da ke ƙwaƙwalwa sukan zube a can, kuma sunaye kan shiga ciki. Gudu bai ragu yadda za a ji ba, saboda injinan sabobinmu suna da AES-NI, wato a jikin ƙarfen ake lissafin kullewar. Inda muka ji a jika shi ne kwafin ajiya: kullallen abu ba ya matsuwa, don haka wurin da kwafin dare ke ci ya ƙaru, har sai da muka sayi ƙarin faifai. Kafin ƙaramar salla duk rumbunan sun kullu, na ɗauka aiki ya ƙare.

Wata biyu bayan haka, wata Asabar da asuba, na tashi mayar da asibiti kan sabuwar kwamfuta mai ƙarin ƙwaƙwalwa. Aikin rabin awa ne. Na kashe tsohuwar, na cire rumbun, na ce a liƙa a sabuwa. Ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na gwada mayar da shi inda na ciro shi, nan ma ya ƙi. A rajistar Nova na ga layin da ya sa hannuna ya yi sanyi: Barbican ya ce ba shi da wannan mabuɗin.

Na duba lambar mabuɗin da Cinder ya rubuta wa rumbun, na nema a jerin Barbican, babu. Na koma rajistar Barbican ina ja baya rana bayan rana, har na kai kwana tara, na ga an goge mabuɗai huɗu a jere, da asusun yaronmu ɗan bautar ƙasa. Na kira shi, ya zo daga Maamobi ko karyawa bai yi ba. Da ya ga allon ya ce, "Yaya, ni ne. Ka ce in share tarkacen gwaji. Na ga ba su da suna, na ɗauka na gwaji ne." Gaskiya ya faɗa. Mabuɗan da Cinder ke ƙirƙira ba sa ɗauke da suna a jerin, lamba ce kawai doguwa. Uku daga cikin huɗun na gwaji ne da gaske. Ni na ba shi izinin, ni na sa shi sharar, kuma ban taɓa nuna masa cewa waɗannan layukan marasa suna su ne ran rumbunan ba. Na ce masa, "Ƙanena, zauna. Laifin nawa ne. Jawo kujera mu yi aiki."

Abin da ya ɓoye ɓarnar har kwana tara shi ne, muddin rumbu yana liƙe, libvirt, manhajar da Nova ke sarrafa QEMU da ita, yana riƙe da kwafin kalmar sirrin a sabar da kwamfutar ke kai. Da na san an goge mabuɗin kafin in taɓa komai, da daga can zan ciro shi cikin minti ɗaya. Cire rumbun da na yi da hannuna shi ya share wannan kwafin. Na juya wajen kwafin ajiya, nan ma na tarar da wani laifin nawa. Duk lokacin da Cinder zai ɗauki kwafin kullallen rumbu sai ya yi wa kwafin nasa mabuɗin daga na asali. Tun daren da aka goge na asalin, kwafin asibiti yake faɗuwa, saƙon gargaɗi yana shiga wani akwatin imel da na daina buɗewa. Kwafi mai kyau na ƙarshe ya kwana tara. Kwana tara na awon ciki, allurar yara, magungunan masu hawan jini.

Na kira Hajiya na faɗa mata yadda abin yake, ban rage komai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ɗana, mu za mu koma kati da biro. Kai dai ka yi a hankali, kada gaggawa ta ƙara ɓata wani abu."

Barbican ba ya share layi daga kundinsa nan take, alamar gogewa yake sa masa, sai an yi shara ta musamman yake fita. Saboda haka akwai yiwuwar in shiga kundin da ke aiki in cire alamar da hannu. Ban yarda ba. Mabuɗan kowa suna cikin kundin nan, kuskure ɗaya zai iya mayar da matsalar asibiti ta zama ta kowa. Muna ajiye kwafin MariaDB, kundin bayanan girgijen, na dare 14. Na ɗauko na dare goma da suka wuce, na zuba shi a ƙaramin girgijen gwajinmu wanda ba ya haɗe da na aiki, na sa masa uwar mabuɗai daga passwords.yml, na kunna Keystone da Barbican kawai. Na nemi mabuɗin da lambarsa, ya fito. Bayit 32, na ajiye su a fayil.

Na koma wata saba, na jawo rumbun daga Ceph da umarnin rbd map, na ba cryptsetup, manhajar buɗe kullen LUKS, fayil ɗin, da sharaɗin karantawa kawai. Ya ce babu gurbin da wannan mabuɗin ke buɗewa. Yaron ya dafe kai. Ni ma na ɗan jima ina kallon allon, kafin abin da na karanta cikin azumi ya dawo mini: OpenStack ba ya miƙa ɗanyen mabuɗin ga LUKS. Sai ya juya shi zuwa rubutun lissafin goma sha shida, bayit 32 su zama harufa 64, wannan rubutun shi ne kalmar sirrin. Na juya shi da hexdump, na tabbatar babu ragowar alamar sabon layi a ƙarshe, na yi bisimilla na sake bayarwa. Cryptsetup bai ce komai ba, shirunsa kuwa shi ne amincewa. Na ɗaura rumbun, ga fayilolin asibiti har na daren Juma'a.

Kafin komai na ɗauki kwafin goshin rumbun da luksHeaderBackup, don in goshin ya lalace ko da mabuɗi a hannu ba a shiga. Sannan na yi sabon kullallen rumbu mai sabon mabuɗi, na kwashe komai zuwa cikinsa. Ana kiran azahar asibiti ya dawo. Ma'aikatan Hajiya suka zauna shigar da katunan safiyar, na je na taya su har la'asar.

Satin da ya biyo baya na gyara abin da ya kamata in gyara tun farko. Na karɓe matsayin creator daga kowa, ya rage asusu ɗaya da ake yin rumbu da shi, sauran suna iya karanta mabuɗi don liƙa rumbu amma ba sa iya gogewa. Na rubuta ɗan shiri da kowace safiya yake bin rumbuna ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki lambar mabuɗin kowane, ya tambayi Barbican ko yana nan, in babu ya turo saƙo wayata da ta Alhaji. Faɗuwar kwafin dare ma wayar take zuwa yanzu. Yaron ne ya rubuta rabin shirin, kuma shi ne ya kawo shawarar a riƙa buga jadawalin rumbu da lambar mabuɗinsa a takarda duk wata.

Uwar mabuɗai kuwa, ranar nan ta nuna mini cewa da fayil ɗin passwords.yml ya ɓata tare da sabobin, da kwafin kundin bai amfana mana komai ba. Muka zauna ni da Alhaji, na rubuta harufa 44 ɗin da hannu a takarda biyu, ina bambanta babban baƙi da ƙarami, sifili da harafin o. Ya karanto mini ina dubawa a allo, na karanto masa yana dubawa a takarda. Ambulan ɗaya ya shiga akwatin ƙarfensa na gida. Ɗayan ya tafi Kumasi, wurin ƙaninsa a Aboabo. Alhaji ne ya dage kan Kumasi. Ya ce wanda ya ga ambaliya da gobarar Circle ta 3 ga Yuni 2015 ba ya tara abu biyu a gari ɗaya. Kwafin kundin Barbican yana wani wurin daban, ba tare da ambulan ba, ba kuma tare da kwafin rumbuna ba. Duk wata uku muna gwaji: Alhaji ya kawo ambulan, mu tayar da Barbican a na'urar da babu komai a kanta, mu buɗe rumbu ɗaya daga kwafin ajiya, a sake liƙe ambulan ya sa hannu a baki. Yanzu yaron ke yi ina kallo, don kada ya zama ni kaɗai na san hanya.

Saura tsofaffin faya-fayan. Goge rumbu a Ceph ba ya wanke faifai, wurin kawai yake saki, tsohon rubutun yana nan har sai wani ya hau kansa. Ke nan duk faifan da ke cikin sabobin tun kafin kullewa yana iya ɗauke da ragowar sunaye a buɗe. Na sayi jan fenti na ɗiga wa kowannensu a goshi. Mai jan ɗigo ba ya komawa wurin dillali ko garantinsa na da saura. Faifan da ya fara tayar da maganar, da wanda na ga sunan maƙwabciyata a ciki, mun kai su wurin wani mai walda a bakin titin Nima, ya huda kowanne wuri uku muna tsaye, sannan muka ba masu sayen tsoffin ƙarafa.

A watan jiya wani faifan ya fara kawo kuskure, cikin waɗanda muka saya bayan an goge tsofaffin rumbuna, babu ja a jikinsa. Yana juyawa tukuna, don haka na jona shi na bar strings ya kwana a kansa. Da safe muka bi abin da ya tsinto ni da yaron. Ban da tarkacen rubutun Ubuntu, babu sunan kowa. Na sa shi a kwali, Alhaji ya sa hannu a takardar garanti, yaron ya hau trotro ya kai wa dillalin.